Lafiyar Iyali: Da Wace Tiya Ake Awon Hayaƙi?

Wata 'yar'uwa ta rubuto mana daga Tsafe a watan jiya. Ƙosai take toyawa a bakin babbar hanya, ita wadda ta taso daga Funtuwa ta bi ta Tsafe da 'Yandoton Daji da Kwatarkwashi ta shiga Gusau, ta wuce Bungudu ta nufi Sakkwato. Maigidanta ɗan kabu-kabu ne. Ɗansu na fari, mai shekara 14, yakan taya wani ɗan bumburutu ɗura mai a kwalabe in an tashi daga makaranta. Ta ce gardama ce ta haɗa ta da maigida. Ita ta ce warin mai da hayaƙin da suke wuni a ciki ba zai bar su haka kawai ba. Shi kuwa ya ce tun da ya sayar da tsohon babur ɗinsa mai tuƙa shuɗin hayaƙi ya sayi sabo, ai magana ta ƙare, gama sabon ba ya hayaƙi ko kaɗan. Sai ta rufe wasiƙarta da tambaya. Ta ce, "Hatsi dai da tiya ake aunawa, nama da sikeli. To, hayaƙi fa, da me masu ilimi suke auna shi har su ce wannan ya yi yawa?"

Mun gode da wannan tambaya, 'yar'uwa. Za mu amsa ta a nan, domin mun san ba gidanku kaɗai ba ne a bakin hanya. Tun da wuri kuma bari mu faɗa miki, maigida yana da rabin gaskiya. Sauran rabin ne ba ya ganuwa da ido.

Mutanen Zamfara ba sa bukatar a koya musu cewa akwai guba wadda ido ba ya gani. A shekarar 2010 yara suka yi ta mutuwa a 'Yargalma da Dareta da waɗansu ƙauyuka na Bukkuyum da Anka. Aka ce zazzaɓi ne, aka ce sanƙarau ne, waɗansu suka ce iska. Sai da Likitoci Na-gari Na-kowa suka ɗibi jinin yaran aka auna, aka auna ƙasar tsakar gida inda ake niƙa dutsen zinariya, sa'an nan aka gane dalma ce. Yara fiye da 400 suka rasu. Ƙurar nan ba ta da wani launi dabam, ba ta da wari. Awo ne ya tona ta. Abin da ke cikin hayaƙin mota bai kai wannan saurin kisa ba, ko kusa, kada kowa ya firgita. Amma hanyar gane shi ɗaya ce.

Man fetur ba abu ɗaya ba ne. Gauraye ne na abubuwa ɗaruruwa, kusan dukansu kuwa an gina su da abu biyu, watau kabon, asalin gawayi, da wata iska marar nauyi da ake kira haidurojin. A cikinsu akwai wani gida guda da masana suke ce wa dangin ƙamshi. Alamar gidansu zobe ce. Ƙwayoyin kabon 6 ne suke riƙe hannun juna su yi da'ira, kamar 'yan mata in sun kafa gaɗa a dandali. Mai zobe ɗaya tak shi ne babban gidan, sunansa benzin. Ƙannensa su ne toluwin da zailin, su ma zobe ɗaya ne, da 'yan rassa a jiki. Warin nan mai daɗi-daɗi da yara suke so in ana zuba mai a tanki, su ke ba da yawancinsa. Akwai kuma masu zobe da yawa a manne da juna. Mai zobe biyu kin san shi, yana cikin akwatin kayanki, shi ne farin kafur ɗin da ake sa wa tufafi saboda kyankyaso, masana suna ce masa naftalin. Mai zobe biyar, benzofairin, yana tare da kunkunniya da baƙin hayaƙi.

Sunan ƙamshin nan ba ba'a ba ne. Akwai wani ƙaro da ake turare da shi, Larabawa suna ce masa lubban jawi, watau lubban na ƙasar Jawa. Sunan ya karkace a bakin Turawa ya zama benzoyin. A 1833 wani Bajamushe mai suna Mitscherlich ya fitar da wani ruwa daga sinadarin ƙaron nan ya sa masa suna benzin. Ashe shekara 8 kafin nan, a 1825, Michael Faraday ya riga ya sami ruwan nan a Landan cikin ragowar iskar da ake kunna fitilun gari da ita. To, daga turare sunan ya fito, amma halin abin ba na turare ba ne.

Abin da benzin yake yi a jiki an daɗe da saninsa. In an shaƙe shi yakan bi jini ya kai ɓargo, ɓargo kuwa shi ne inda ake ƙera sabon jini. A 1897 wani likita a ƙasar Suwidin ya ba da labarin waɗansu 'yan mata masu aiki a masana'antar tayar keke, inda ake narka roba da benzin. Jininsu ya ƙare, suna zubar da jini ta dasashi, waɗansu suka mutu. A shekarun 1970 Dokta Muzaffer Aksoy ya lura da yadda sankarar jini ta yi yawa cikin masu ɗinkin takalma na Istambul, waɗanda suke wuni a ƙananan shaguna da gam mai benzin. Hukumar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wadda take birnin Liyon a Faransa, ta sa benzin a sahun farko, sahun abubuwan da aka tabbata suna jawo ciwon daji ga ɗan Adam. A 2012 ta sa hayaƙin injin gas, irin na tirela da tanka, a wannan sahu. A 2025 ta ƙara da man fetur kansa. Masu zobe da yawa su ma tarihinsu dogo ne. Tun 1775 likita Percivall Pott ya ga wani irin ciwon daji yana kama waɗanda ake turawa tun suna yara cikin bututun hayaƙi na gidajen Landan su share kunkunniya, amma sai a 1933 aka ware benzofairin daga kwalta aka ce ga mai laifin.

Wani zai ce, in haka ne don me ake barinsa a cikin mai? Dalili shi ne dangin ƙamshi suna hana inji ƙwanƙwasa, suna sa mai ya ci da kyau. Dā dalma ake zubawa a fetur domin wannan aiki. Da aka gane ɓarnar da take yi wa ƙwaƙwalwar yara aka hana. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun daina kafin farkon 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021. Da aka cire dalma, matatu da yawa suka ƙara dangin ƙamshi su cike gurbin. An kori kura, an bar dila a garke. Saboda haka ne ƙasashen Turai suka kafa doka tun shekarar 2000 cewa benzin kada ya wuce kashi 1 cikin 100 na fetur. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta sayi mai a gidajen mai na ƙasashen Afirka 8, har da Binin da Gana da Mali, ta kai aka auna, aka tarar ana sayar wa Afirka irin man da doka ba za ta bari a sayar a Turai ba.

Yanzu sai mu zo ga tiyar da kika tambaya. Ba ɗaya ba ce, kowace da abin da take iya faɗi.

Ta farko a bakin salansa ake yi. Akwai wani akwati mai dogon tiyo da ƙarfe a bakinsa. A ta da inji, a bari ya yi zafi, a zura ƙarfen cikin salansa. Akwatin yana zuƙo hayaƙin ya ratsa shi da wani haske da ido ba ya gani, kowace irin iska kuwa tana shanye nata rabon hasken, daga nan sai lambobi su fito. Zai nuna yawan iskar nan mai kisa a rufaffen ɗaki, wadda janareta yake fitarwa, ya kuma nuna jimlar man da ya fito bai ƙone ba. Ana ƙidaya shi kashi-kashi cikin miliyan. Mota mai lafiya takan nuna 'yan gomomi. Tsohon babur irin wanda ake gauraya masa baƙin mai da fetur yakan nuna dubbai, gama irin wannan inji yakan zubar da wajen kashi ɗaya cikin 4 na mansa ɗanye ta salansa. A nan ne gaskiyar maigida take. Sayar da tsohon babur ɗin nan da ya yi, ya yi wa huhunsa da aljihunsa alheri babba, muna kuwa yaba masa. Nijeriya tana da dokar hayaƙin abin hawa tun 2011, a hannun hukumar NESREA wadda aka kafa a 2007, irin wannan akwati ne kuwa ake bukata domin a bi dokar. Sai dai akwatin jimla kawai yake bayarwa. Kamar a ce maka buhu ya cika ne, ba a gaya maka nawa ne gero nawa ne tsakuwa ba. Ba zai ce ga yawan benzin ba.

Domin a san wannan sai an kama iskar an kai ta ɗakin bincike. Abin mamaki, tarkon da ake kamawa da shi gawayi ne. Ana gasa gawayi, sau da yawa na ɓawon kwakwa, har cikinsa ya zama ramuka ƙanana marasa iyaka. A zuba shi cikin ɗan bututu wanda bai fi yatsa tsawo ba. A rataye bututun a jikin sandar lantarki ko a ƙarƙashin rumfa, daidai inda mutane suke numfashi, a buɗe bakinsa, a rubuta rana da sa'a. Ba ya bukatar wuta ko batir. Duk benzin da ya biyo iska ya taɓa gawayin sai ya maƙale. Bayan mako ɗaya ko biyu a rufe, a rubuta sa'a, a tafi da shi. Akan tafi da wani bututu guda wanda ba a buɗe ba sam, ya yi tafiyar tare da sauran ya komo. In aka auna shi aka sami wani abu a ciki, an san ƙazanta ta shiga a hanya, ba za a amince da sauran ba. Wannan ɗan hattara shi ya raba mai awo na gaskiya da mai cika takarda. In kuwa mutum ake so a san abin da yake shaƙa, sai a maƙala masa bututun a wuyan riga, kusa da hanci, ya tafi aikinsa.

A ɗakin bincike akan wanke gawayin da wani ruwa, ko a gasa tarkon ya saki abin da ya kama, a tura cikin wata na'ura da za mu kira mai-rarrabewa. Wannan na'ura ta cancanci a tsaya a kanta kaɗan, gama dabararta mai sauƙi ce ƙwarai. Cikinta akwai bututu siriri, ramin cikinsa bai fi rubu'in milimita ba, tsawonsa mita 30 ko 60, an naɗe shi kamar gammo an sa a cikin tanda. An shafe cikinsa da wani abu mai ɗan danƙo. Sai a tura abin da aka kamo ta baki ɗaya, wata iska mai tsabta tana kora shi.

Ki ɗauka mutum huɗu ne suka fita daga gida ɗaya da safe za su kasuwa. Na farko ba ruwansa da kowa, sai tafiya. Na biyu yakan tsaya ya gaisa a ƙofa ɗaya ko biyu. Na uku ba ya wuce zaure bai zauna ba. Na huɗu kuwa sai ya tambayi lafiyar kowa har da awaki. Tare suka fita, amma ba tare za su isa ba, wanda ya san halinsu kuwa, ko yana zaune a bakin kasuwa da agogo ido a rufe, zai iya cewa wane ne ya iso yanzu. Haka abin yake. Benzin ba shi da nauyi, yakan tafasa a zafin digiri 80, shi ne marar gaisuwa, shi yake fara fita. Toluwin, mai tafasa a digiri 111, ya biyo. Zailin, wajen 140, ya zo daga baya. A bakin fita akwai ma'auni da yake zana tudu a takarda ko a fuskar kwamfuta duk sa'ad da wani ya fito. Lokacin fitowa yana faɗin ko wane ne, girman tudun yana faɗin yawansa. Kafin a fara kuwa sai an tura benzin tsantsa wanda aka san nauyinsa, a ga girman tudun da zai yi, kamar yadda ake gwada tiyar 'yan kasuwa da ta hukuma. Turawan Ingila biyu, James da Martin, su suka fito da wannan dabara a 1952. Yau akwai irin na'urar a Zariya, a cibiyar binciken sinadarai ta ƙasa da ke Basawa.

Masu zobe da yawa ba a kama su da ɗan bututun nan, domin manyansu a jikin ƙurar hayaƙi suke hawa. Su sai da famfo mai zuƙo iska ta cikin farar takardar tacewa yini da kwana, da soso a bayanta domin waɗanda suka zille. Takardar takan shiga fara ta fito toka-toka ko baƙa. A jiƙa ta, a tace, a tura cikin na'urar. Akwai guda 16 da aka saba nema.

Har wa yau awon yakan tona asirin inda abin ya fito. In toluwin ya fi benzin yawa sosai, yawanci daga mota da fetur ne. In benzin ya rinjaya, akan duba wajen murhu da ƙona daji. Wannan ya kawo mu ga maganar da ba za mu ɓoye miki ba, 'yar'uwa. Itacen da kike toya ƙosai da shi, shi ma yana fitar da benzin da masu zobe da yawa, ɗanyen itace ya fi, leda da ake hura wuta da ita ta fi duka muni. Taba sigari ma haka, mai shan ta yawancin benzin da ke jikinsa daga ita ne. Masu babbakar kai da ƙafa da tsohuwar taya suna shafa wa abincin mutane wannan kunkunniya. Ba tirela kaɗai ce mai laifi ba.

To, nawa ne ya yi yawa? Ana faɗin awon da maikurogiram cikin iskar da za ta cika duro 5 na mai. Maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Dokar Turai ta ce in an haɗa awon shekara aka raba, benzin kada ya wuce maikurogiram 5 cikin wannan iska. Ki ɗauki ƙwayar gero ɗaya ki raba ta kashi 1,000, kashi ɗaya ma ya ɗan fi wannan nauyi. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙi ta yanka iyaka, ta ce ba wani adadi da za a rantse ba ya cutarwa, sai dai kowane ragi riba ne. Babban mutum yakan shaƙi iskar duro 50 ko fiye kowace rana, shekara da shekaru. Hanci kuma ba ya jin benzin sai ya ninka iyakar nan ɗaruruwa. Saboda haka in maigida ya ce ba ya gani ba ya ji, gaskiya ya faɗa, amma ido da hanci ba su ne tiyar ba.

An taɓa yin irin wannan awo ga 'yan'uwansa na sana'a, ba nesa da mu ba. A Kwatano, inda 'yan kabu-kabu suka cika gari, ana kuma sayar da fetur a kwalabe a kowace kwana, masana na ƙasar Binin da na Denmak sun maƙala wa masu babur tarkon nan, suka maƙala wa mutanen wani ƙauye nesa da hanya, suka buga sakamakon a 2005. Masu babur suna shaƙar benzin wajen maikurogiram 76, mutanen ƙauye wajen 3. Ninki fiye da 20 ke nan. Sun auna fitsarinsu kuma, gama jiki yakan sarrafa benzin ya fitar da saura ta fitsari, suka ga alamar ta bi awon iskar. Gusau ba ta kai Kwatano cunkoso ba, balle Tsafe. Amma ɗan kabu-kabu ko'ina yake, ba hayaƙin babur ɗinsa yake sha ba, na wanda ke gabansa yake sha.

Akwai wani abu da yake ba mu haushi a wannan magana, bari mu faɗe shi. Tun 1975 aka fara sa wa motoci wata tukunya a tsakiyar salansa, cikinta kamar saƙar zuma, an shafe ta da ƙarafa masu tsada irin su filatinam. In ta yi zafi takan ƙone mafi yawan man da ya tsere wa inji, har da benzin, kafin ya fita. Bakanikai suna ce mata Indomie, domin cikinta ya yi kama da taliyar nan. Saboda tsadar ƙarafan, da yawa daga motocin Kwatano ana cire musu ita tun kafin su hau jirgi, waɗanda suka iso da tasu kuwa akan cire a gareji. Mu ma an yi mana. Mun kai tsohuwar motar ofis gyara, aka ce ai tukunyar ce ta toshe take hana ta gudu, gara a fasa a zubar. Muka yarda, har muka yi godiya. Sai daga baya muka ji abin da aka ce a zubar ɗin kuɗi ne, ba a kuwa zubar ba. Mai mota, in an ce za a taɓa salansarka, ka tsaya a wurin.

Da ɗalibi ɗaya na Jami'ar Tarayya ta Gusau zai sami mai tallafa masa da 'yan bututun gawayi, aikin shekara guda zai ishe shi ya ba jihar nan abin da za ta riƙe. Ya rataye a tashar Tsafe, da bakin hanya a 'Yandoton Daji, da shingen bincike inda motoci suke jeruwa inji na aiki, da babbar tashar Gusau, da Bungudu, ɗaya kuma a gona can nesa da kwalta domin kwatanci. Ya yi da hunturu, ya sake da bazara, ya sake da damina, gama ba za su zo daidai ba. Da sanyin asuba na hunturu iska takan kwanta, hayaƙi ya tsaya ƙasa-ƙasa bai tashi ba, inji mai sanyi kuma shi ya fi zubar da ɗanyen mai. Da bazara kuwa zafi yakan sa fetur ya yi ta tashi daga jarka da kwalba ko ba a ta da inji ba. 'Yandoto garin malamai ne tun kafin a kafa Gusau, ba zai zama abin kunya ba a fara irin wannan karatu daga can.

Kafin wannan ya samu, ga abin da za mu ce wa gidanku. Hayaƙi ya fi kauri a bakin salansa, yana raguwa da kowane taki da aka ja baya. In da hali ki matsa da kaskonki ya bar gefen kwalta, ki zauna ta inda iska take fitowa. Ki dubi tsayin salansar mota, ki dubi tsayin yaro mai rarrafe ko mai tatata, za ki ga hancinsa ne daidai wurin. Kada a shimfiɗa masa tabarma inda motoci suke tsayawa. Direban da ya tsaya sayen ƙosai, ki roƙe shi da fara'a ya kashe inji, ki ce masa mai ya yi tsada, tun da aka cire tallafi a 2023 ba wanda zai yi miki musu. Maigida kuma kada ya manne wa bayan tirela, ya ba ta rata ko ya wuce. Ya riƙa wanke matatar iska, ya sa a daidaita kafireto, ya canja fulogi in ya mutu. In fulogi ya yi baƙi da kunkunniya, babur yana shan mai fiye da kima ne, rarar kuwa a hanya yake zubarwa. In ya komo da dare kada ya shigar da babur ɗakin da ake kwana. Mun san saboda ɓarayi ake yi, amma tanki yana numfashi dukan dare. A sa shi a zaure ko wani ɗaki mai taga.

Tun da mun ambaci kafur, kada a sa shi cikin kayan jariri. Akwai jarirai da yawa a ƙasarmu, musamman maza, da aka haifa da wani irin jini wanda naftalin yake farfasawa, sai shawara ta kama su a makon farko. Kayan da aka ajiye da kafur a wanke su a shanya sosai kafin haihuwa.

Amma wanda ya fi damunmu a wasiƙarki shi ne yaron. Ku duka uku, shi ne ya fi kusa da abin. Ke da mahaifinsa abin da ya saura bayan inji ya ƙone kuke sha. Shi kuwa fuskarsa tana bisa mazurari, ɗanyen tururin yake shaƙa, man yana zuba a hannunsa, benzin kuwa yana ratsa fata. In yana zuƙo mai da baki ta tiyo, wannan ya tsaya daga yau. A nemi ɗan famfon hannu na roba. Kada ya wanke hannu da fetur kamar yadda yaran gareji suke yi, sabulu da toka sun isa. Rigar da mai ya jiƙa a cire ta a waje. In ya kuskure ya haɗiye mai, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, gama in man ya koma ta huhu ya fi haɗari. A kai shi asibiti. In kuwa da wata sana'ar da zai taya, ko da kuɗinta bai kai wannan ba, mu dai da namu ne da mun canja masa. Ɓargon ɗan shekara 14 yana da sauran aiki mai tsawo a gabansa.

Sankarar jini ba ciwo ne mai yawa ba, yawancin masu wannan sana'a ba za su taɓa gamuwa da ita ba. Amma in kika ga ɗayansu yana yawan gajiya, tafin hannu da cikin ido sun yi fari, dasashi yana jini, ko zazzaɓi yana tafiya yana komowa, kada a tsaya ga maganin kemis. Sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne ko tsutsar ciki, amma a je babban asibiti a Gusau a roƙa a ƙidaya ƙwayoyin jini duka, ba awon zazzaɓi kaɗai ba. A kuma gaya wa likita irin aikin da mutum yake yi da shekarun da ya yi a kai, ko bai tambaya ba.

Ki karanta wa maigida wannan da dare in ya ci tuwo ya huta, ki fara da wurin da muka yabe shi. A wata mai zuwa za mu duba murhu, da yadda za a rage hayaƙinsa ba tare da an sayi kome ba.